Wuƙar lambu mai almakashi: yaya ake gane shekarunta?

Tambaya: Malam, na samu wata wuƙa mai naɗewa a cikin akwatin marigayi kakana, wanda ya yi aikin lambu a zamanin Turawa. Bakinta a lanƙwashe yake kamar ƙaramin lauje, kuma akwai almakashi da ke naɗewa a jikinta. Sunan maƙerin ya goge, abin da ke karantuwa kawai shi ne "Sheffield England". Wani ya ce mini ta fi shekara 200. Gaskiya ne? Kuma in kai ta wurin mai washi ya fito da haskenta?

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka. Bari in fara da tambayar ƙarshe, don ita ce mai gaggawa: kada ka kai ta wurin mai washi. Dutsen injin zai cinye ɗan rubutun da ya rage, kuma masu tara irin waɗannan wuƙaƙe sun fi son baƙin da shekaru suka ɗora wa ƙarfe a kan ƙyallin da aka ƙwaƙulo jiya.

Batun shekara 200 kuwa, da kamar wuya. Shi kansa almakashin datse rassa a Faransa aka ƙirƙiro shi wajen 1815, kuma sai daga baya maƙera suka fara haɗa shi da wuƙa a mariƙi ɗaya. Babbar shaidar ma tana hannunka, wato kalmar "England". A 1890 Amurka ta yi dokar harajin McKinley, wadda ta tilasta a riƙa buga sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata da su daga 1891. Tun lokacin maƙeran Sheffield, garin ƙera wuƙaƙe a Ingila, suka riƙa ƙara sunan ƙasarsu a ƙarƙashin sunan gari. Saboda haka taka ta bayan 1890 ce, kusan babu shakka. Amma a kula, rashin kalmar ba ya tabbatar da tsufa, domin kayan da aka yi don kasuwar cikin gida ba dole ba ne a buga musu ita. Nan ne 'yan gwanjo ke yawan cin kasuwar sabon shiga.

Ka buɗe wuƙar rabi, ka duba gindin bakin, daidai inda yake shiga mariƙi. Ɗiga mai kaɗan, ka goge da tsumma, ka haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, sai ka ɗauki hoto da waya ka faɗaɗa shi. Sau da yawa haruffan da ido ya kasa gani sukan fito da inuwarsu. Ko sunan ya tafi, tambarin kan rage: tauraro da ɗan gicciye na gidan ƙira na Joseph Rodgers ne, I*XL na gidan George Wostenholm ne, gidan Saynor kuma ya yi suna musamman a wuƙaƙen lambu da na auren itatuwa. In ka ga "Rd" da lamba a gabansa, rajistar fasalin ƙira ce ta Ingila, tsarin da aka fara a 1884, kuma lambar na nuna shekarar rajista. Kalmar "Stainless" kuwa na mayar da wuƙa bayan 1913, shekarar da Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a Sheffield. Wuƙaƙen Jamus sukan zo da "Solingen" (garin da ake ƙera su) ko "D.R.G.M." (alamar rajistar ƙira ta Jamus), na Faransa da "Breveté S.G.D.G." (alamar rajistar haƙƙin ƙira ta Faransa).

Almakashin ne wurin da na fi daɗewa a kai duk lokacin da aka miƙo mini irin wannan. Shi ya fi shan wahala, don haka shi aka fi sauyawa. Ka matsa shi ka saki: sifirin ɗinsa ya mayar da shi da kansa? Ka dubi launin ƙarfensa da na wuƙar, ya kamata tsufansu ya zo ɗaya. Ƙusar da ta riƙe shi, in ta fi sauran haske, ko kanta ya baje da alamar guduma, to wani ya taɓa kwance ta. Gyara ba laifi ba ne ga mai aikin lambu, amma yana rage mata daraja a wurin masu tarawa.

Mariƙin zai iya zama ƙahon barewa mai gurza-gurza, ko na ɓauna baƙi sumul, ko katako, ko ƙashi mai ƙananan ɗige-ɗige. Wanda ke buƙatar hattara shi ne tsohuwar robar seluloyid: in ta fara tsagewa tana wari mai tsami, iskar da take fitarwa na cin ƙarfe, har na wuƙaƙen da ke kusa da ita. Irin wannan a ware ta ita kaɗai.

Gyaran da nake ba da shawara kaɗan ne. Man keken ɗinki a gaɓoɓi, tsinken sakace don fitar da dauɗa daga cikin ramin mariƙi inda bakin ke kwanciya, sai soson ƙarfe mafi laushi da mai a kan jar tsatsa kawai, a bar baƙin yadda yake. Ka ajiye ta a busasshen wuri, ba cikin kuben fata ba, domin fata na riƙe laima da damina. Da hunturu kuma ka shafa wa ƙahon mai kaɗan kada ya tsage.