Amsa ga mai tambaya kan tace ruwan kwata a Kano

Salamu alaikum jama'a. Malam, na saurari muryarka, wai me zai hana Kano ta riƙa tace ruwan kwata ana sake sha kamar a Namibiya. E, gaskiya ne, a birnin Windhoek tun 1968 suke yi, ƙasarsu ce busasshiya. Amma ni na san ba Namibiya ce ta dame ka ba, kuɗin 'yan garuwa ne ya ishe ka, shi ne ka kewayo ta can.

Mu fa ba ruwa muka rasa ba. Ga dam ɗin Tiga tun zamanin Audu Bako, 1974, ga dam ɗin Challawa a Ƙaraye, ga matatar Tamburawa. Isowarsa famfon gida ita ce jidali: wuta ta ɗauke inji ya tsaya, bututu ya tsufa yana yoyo a ƙasa. Sai kowa ya koma haƙa burtsatse, alhali ƙasan Kano dutse ne, ruwan cikinsa ba yawa. Shi ya sa da bazara ta kama za ka ji rijiyoyi sun ja baya.

Kuma wa ya ce maka ba ma sake amfani da ruwan kwatar? Je ka bakin rafin Jakara wajen Kwakwaci ka ga ruwan da ake ba latas da alayyafo, baƙi ƙirin, ga na masana'antun Bompai yana gangarowa ta rafin Getsi. Muna yi mana, tacewar ce babu. To kai da kake... a'a, bar wannan, kada in hana mutane cin kwaɗo.

Abin da ke ci mini rai shi ne na layinmu. Akwai wani maƙwabcina, ba zan kama suna ba, kullum da asuba zai kunna inji, tanki ya cika ya yi ta ambaliya ta bango har rana ta fito. Shekara nawa ina gyaran famfo, na ce masa Alhaji, ɗan ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ka saya in ɗaura maka kyauta. Ya ce ai ruwansa ne. Ruwanka? Ƙasa ɗaya muke zuƙa! Rijiyata da na gada ta ƙafe, ina sayen jarka, nasa kuwa yana bin kwata ta ƙofar gidana, bangonsa har ya yi gansakuka. Sau uku na yi masa magana. A'a, sau huɗu, har da ranar suna.

Haka ruwan alwala a masallacinmu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, mu kuwa mu saki famfo muna gaisawa. Ruwan nan ba sabulu a cikinsa, bututu ɗaya za a ja zuwa gindin darbejiyar nan shi ke nan. Malam, kai da ke cikin kwamiti, ka tayar da maganar ranar Juma'a, bututun ni zan kawo.