Muryar da aka turo a guruf: Anti, kar ki tura lambobin nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Anti, yanzu na saurari muryarki, da na ga ba zan iya rubutawa ba shi ya sa na ce bari in yi magana kawai. Kin ce ƙawarki ta yi miki magana ta WhatsApp, wai ta yi kuskure ta sa lambarki a wani wuri, za ki ga saƙo ya shigo da lambobi shida, ki taimaka ki turo mata. Kuma kin ce hotonta ne, lambarta ce, har irin gaisuwarta. To don Allah kar ki tura. Ba ita ba ce ke magana da ke. An riga an ƙwace nata, yanzu naki ake nema.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake. Idan mutum zai buɗe WhatsApp a sabuwar waya, zai rubuta lambar layinsa, sai kamfanin ya aiko da lambobi shida zuwa ga layin don ya tabbatar mai shi ne. To ɗan damfarar nan lambarki ya rubuta a tasa wayar. Saƙon ya zo miki, tunda layin yana hannunki. Abin da ya rage masa kawai ki karanto masa. Kina turawa, naki zai rufe, nasa ya buɗe da sunanki, da hotonki, da duk guruf ɗin da kike ciki, har da wannan. Daga nan sai ya fara bin mutanenki ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce masa yana asibiti, wancan ya ce a ranta masa kafin gobe. Ba wani kutse na ƙwararru ya yi ba fa. Roƙo ya yi, aka miƙa masa mukulli.

Ni kaina na kusa faɗawa, kar ku ga ina ta baki. Wata rana ina tsaka da aiki aka kira ni, murya a natse, ya ambaci sunana daidai, ya ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo min lambar shiga, in karanto masa ya sa ni a jeri. Wallahi na buɗe saƙon, na karanta masa lamba biyu na farko. Sai idona ya sauka ƙasa inda aka rubuta kar a ba kowa wannan lambar. Na ce masa bari in kira ka. Nan take muryar ta canja, ya fara cewa lokaci na ƙurewa, saura ni kaɗai. Wannan gaggawar ce ta farkar da ni. Duk wanda ya hana ki minti biyar ki yi tunani, akwai abin da yake tsoron ki gano a cikin minti biyar ɗin.

Abin yi, Anti, ki fita daga WhatsApp ɗin gaba ɗaya, ki kira ƙawar taki a layi, kira na gaske. In ba ta ɗauka ba, ki nemi wani nata. Ki gaya mata ta sake shigar da lambarta a wayarta, sabbin lambobi shida za su zo mata, tana sawa an fitar da ɓarawon. Sai dai in ya riga ya sa lambar sirri ta biyu, to nan tana iya jiran kwana 7 kafin ta shiga. Shi ya sa nake roƙon kowa a nan, yau ɗin nan, ku shiga wajen saiti, ku kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato ku sa taku lambar sirri ta biyu, ku zaɓi lambar da ba ranar haihuwarku ba, ku haɗa da imel. Ku kuma leƙa wajen na'urorin da aka haɗa da asusunku, in kun ga wata kwamfuta da ba ku sani ba ku cire ta.

Tunda na ɗauko maganar, akwai wanda ya turo wani linki shekaranjiya, wai a zuba kuɗi su ninka cikin sati biyu, har da hotunan alat na waɗanda suka ci. Ba zan kama suna ba, na san da kyakkyawar niyya ya turo. Wannan dabarar ta girmi kakanninmu. A 1920 wani mai suna Charles Ponzi a birnin Boston na Amurka ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Babu wata sana'a a ƙasa, kuɗin sabbin shiga yake ɗauka ya biya waɗanda suka riga su. Don haka idan ɗan uwanka ya ce maka wallahi shi an biya shi, gaskiya ya faɗa, an biya shi, don ya jawo ka ne. Ranar da sabbin shiga suka ragu, sai a wayi gari shafin ba ya buɗuwa.

Kuma kar wani ya ce ai babban mutum ne ya saka a shafinsa, ga shuɗin maki, alamar nan ta cewa shafin nasa ne na gaske. A watan Yulin 2020 an shiga shafukan Twitter na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk, aka rubuta duk wanda ya turo Bitcoin, wato kuɗin intanet, za a mayar masa ninki biyu, kuma mutane suka tura. Shuɗin makin ma yanzu da kuɗi ake saye a wasu manhajojin.

Murya da fuska ma sun daina zama shaida. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfani a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, yana ganinsu yana jin muryarsu, ashe duk na'ura ce ta ƙirƙiro su. To in wani naki ya turo murya yana kuka yana neman kuɗi, ki tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani, ko ki katse ki kira shi da kanki. Banki kuma ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa, ko da mai kiran ya karanto miki cikakken sunanki.

In kuma akwai wanda ya riga ya tura kuɗi a cikinmu, kar kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa a take, ya ɗauki hoton duk hirar kafin a goge, ya kai rahoto. Kuma ya yi hattara da waɗanda za su biyo baya su ce suna dawo da kuɗin da aka damfara in an biya su wani abu, sau da yawa su ɗin ne dai suka sake riga.

Anti, ki ɗauki hoton saƙon nata ki turo nan, amma ki rufe lambobin shida da yatsa ko ki goge su tukuna. Admin kuma don Allah a cire lambar ƙawar tata daga ɗaya guruf ɗin har sai ta dawo da ita. Bari in tsaya nan, cajina ya kusa ƙarewa.