Rigimar Kuɗin Janwe da Masu Karɓar Bashi

Tambaya: Janwe ya ɗauke motar da nake rarraba kaya da ita daga wurin da na tabbata ba a hana ajiye mota ba. Na aiki ƙanena, ya biya rabin kuɗin, ya sa hannu a wata takarda, aka sako motar bayan kwana 6. Yau wata 4 ke nan wani kamfanin karɓar bashi yana damuna da kira, kuma kuɗin ya kusa ninkawa, duk da bayanin da nake yi musu a waya. Shin in maka su a kotu in nemi diyya mai tsoka?

Amsa: Malam, ka ajiye zancen diyya tukuna, domin ban taɓa ganin wanda ya yi arziki da rigimar janwe ba, kuma kuɗin lauya kaɗai na iya zarce abin da ake bin ka. Kuskurenka guda ne: wata 4 kana jayayya, amma ba ka da takarda ko ɗaya da ke nuna kana jayayya. Abin da ke rubuce shi ne sa hannun ƙanenka da rabin kuɗin da ya biya, su biyun kuma shaida suke yi a kanka. Ka karanta takardar kuwa? Sau da yawa akwai layin da ke cewa mai mota ya amince da kuɗin baki ɗaya.

Biyan wani kaso ba ƙaramin abu ba ne. A Ingila, misali, dokar 1980 ta ba mai bin irin wannan bashi shekara 6 ya shigar da ƙara, amma da zarar an biya wani abu ko an amsa bashin a rubuce, lissafin shekarun sai ya koma farko. Ƙasashe da dama suna da ƙa'ida mai kama da wannan, shi ya sa mai kiran yake lallaɓa ka da cewa ka kawo ko nawa ne. Kamfaninsa da kamasho yake ci, galibi kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na abin da ya karɓo, don haka bayaninka na waya ba ya shiga ko'ina.

Na san wani mai motocin kaya da ya shekara yana zage-zage da irin waɗannan mutane, alhali gaskiya tana wajensa, domin allon hana ajiye motar ya faɗi ƙasa tun kafin ranar da aka ja motarsa. Bai ɗauki hoto ba. Kafin a zauna a kotu an kafa sabon allo, direbansa ya bar aiki, shi kuwa ya biya har da kuɗin shari'a.

Ka karɓi takardar da rasit daga hannun ƙanenka a yau, kuma ka hana shi amsa kiransu. Ka rubuta wa kamfanin wasiƙa mai kwanan wata, ka ce ba ka amince da bashin ba, kuma an biya rabin ne kawai don a sako motar sana'a. Ka nemi su aiko da sunan wanda ya ba da umarnin jan motar, da hoton inda take tsaye, da lissafi dalla-dalla wanda ya raba kuɗin ja da kuɗin ajiya na kullum da ƙarin da suka ɗora daga baya. A wannan ƙarin ne aringizo ya fi ɓuya. Ka aika kwafi ga kamfanin janwen da hukumar da ke ba shi lasisi, ta hanyar da za ta bar maka shaidar isarwa.

Idan takardunsu suka nuna suna da gaskiya, ka nemi a daidaita a kan ragowar kuɗin asali, kada kuma ka biya sai sun rubuta cewa bashin ya ƙare da wannan biyan. Idan kuwa sammaci ya zo, ka amsa shi cikin wa'adin da ke jikinsa, domin kotu tana iya yanke hukunci a bayan idonka.