Wa ya ce maka kwamfuta tana jin waƙa?

Kai Musbahu, ka ce ka zuba waƙoƙi a VirtualDJ, manhajar da DJ ke sa kiɗa da ita, sai ka ga sunan mawaƙi ya koma gurbin sunan waƙa, wasu kuma ba suna ko ɗaya. To, kwamfuta ba kunne gare ta ba. Bayanin ID3, wato sunan mawaƙi da na waƙa da ke maƙale a jikin MP3, take karantawa, in babu ta koma kan sunan fayil.

Buɗe Mp3tag, manhajar gyara wannan bayanin, ka zaɓi Filename - Tag, ka rubuta %artist% - %title%. Abin da ya zo kafin sandar nan mawaƙi ne a wurinta, na baya kuwa waƙa. In lamba ce a gaba, ka sa %track%. Sunan shafin da aka sauko da waƙar kuma, %dummy% zai haɗiye shi. Yadda ake jawo folda ba zan koya maka ba, ko ɗan firamare ya iya.

Amma tsari ɗaya take bi a kan kowa, ba ta tambaya. Dole ka fara ware su: masu mawaƙi a gaba folda guda, masu waƙa a gaba folda guda. Wannan wariyar ita ce aikin, kuma ita aka taɓa cuta ta a kanta.

Wani mai ɗakin taron biki a Unguwar Rimi ya kawo mini had dis cike da waƙoƙi, kamar gwanjon Kasuwar Barci. Rabinsu ta WhatsApp suka zo, irin AUD da kwanan wata da WA0007, waɗanda sai ka sa kunne ɗaya bayan ɗaya kafin ka san ko na waye. Na raba dare a kai, man janareto daga aljihuna. Na kamu daban, na amarya daban, ƙasidu daban. Da na gama ya ce bari ɗansa ya gwada a gida. Washegari ya dawo fuska a murtuke, wai bai yi ba, ko sisi ba zai biya ba. Bayan Sallah wani direba ya kawo mini memori da ya saya a Kawo. Ina buɗewa na ga jerina, har da sunan shagona a gurbin comment, inda ɓarawon bai san ana dubawa ba. Wallahi har yau in na wuce ƙofar wurin nan sai raina ya ɓaci. Ban yafe ba.

Shi ya sa rabin kuɗi ke shiga hannuna kafin in taɓa linzami. Ku yaran yanzu kuwa, ido a TikTok, hannu a kan OK, ko samfurin da manhajar ke nunawa ba ku dubawa. A memorin direbobi kuma kar ka sa ƙ da ɗ, rediyon mota da yawa akwati suke nunawa a madadinsu.

Ɗauko iyafis, ka fara da foldar WhatsApp ɗin can. Kar ka danna komai sai na duba.