Rangwamen Black Friday na kamfanin wuta a Houston, ya kamata ka koma?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko ka koma wancan kamfanin wutar da ke tallan katin kyauta na Black Friday, wato ranar babban rangwamen kaya a shagunan Amurka, tunda dama za ka shiga layin sayayya ranar. Ni dai shawarata kar ka sa hannu saboda katin kawai. Layin sayen talabijin kwana ɗaya ne ka gama, amma kwantiragin wuta wata 12 ko 24 za ka yi kana biya. Shiga shafin intanet na Power to Choose, inda ake kwatanta tayin kamfanonin wuta, na hukumar kula da wuta ta Texas, sa lambar zip (lambar gidan waya) ta unguwarku, sai ka buɗe takardar EFL ta kowane tayi, wato takardar bayanin farashi da sharuɗɗa, nan za ka ga farashin kowane kilowat-awa (kWh) in kana shan 500, 1000 ko 2000 a wata.

Abin da na lura da shi a gidana shi ne tayin da ya fi kama da araha galibi sai ka sha 1000 ko sama suke rage maka kuɗi, to in ƙaramin gida kake, watan da ba ka kunna AC sosai ba ka faɗo ƙasa da haka, rangwamen ya ɓace, bil ya zo da nauyi. Don haka ɗauko tsofaffin bil ɗinka ka ga nawa kake sha da zafi da sanyi. Kuma duba ranar ƙarewar kwantiraginka na yanzu, in ka fita da wuri akwai tara, sai in saura kwana 14 ko ƙasa da haka ya ƙare. Wayoyin wutar dai CenterPoint, kamfanin da ke kai wuta gidaje a Houston, ce ke riƙe da su ko wa ka zaɓa.