Haska abinci da hasken gamma: ya dace jiha ta kashe kuɗin yara a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, kuma uwar 'ya'ya huɗu. Na ji ana muhawara a rediyo cewa ya kamata jihohinmu su gina wurin da ake haska hatsi da albasa da wani haske na nukiliya don kada su lalace, wai hakan zai rage yunwa a tsakanin yara, ya kuma taimaki ciyarwar makarantu. Shin abincin da aka yi wa haka ba ya cutar da yaro? Kuma ya dace jiha ta zuba kuɗi a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abincin ba ya cutarwa idan an bi ƙa'ida. Amma da ni ake shawara, ba zan yarda a taɓa kason kula da yara don gina wannan wuri ba.

Ga yadda aikin yake. Ana shigar da buhuna ko kwalaye cikin wani ɗaki mai kaurin bango, a wuce da su ta gaban wani ƙarfe da ake kira kobalt-60, wanda ke fitar da hasken gamma. Hasken yana ratsa abincin ya wuce, ya kashe ƙwaro da ƙwayayensa, ya rage ƙwayoyin cuta, ya hana albasa da doya da dankalin turawa yin tsiro. Abincin ba ya taɓa ƙarfen, kuma ba ya riƙe hasken, kamar yadda wanda aka yi wa hoton ƙirji a asibiti ba ya komawa gida da haske a jikinsa. Ana auna ƙarfin hasken da ma'aunin kilogire. Albasa ba ta bukatar ko kashi ɗaya cikin biyar na kilogire guda, ƙwaron wake kuwa ƙasa da kilogire ɗaya ya ishe shi. A 1980 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar makamashin nukiliya ta duniya ya yanke cewa har zuwa kilogire 10 babu haɗarin guba ga mai ci. Akan yi asarar ɗan sinadarin bitamin, musamman B1, kwatankwacin abin da dafuwa ke ragewa.

Tsoron da ake yi game da yara yana da asali, kuma gara ki ji shi daga bakina. A 1975 wasu masu bincike a cibiyar nazarin abinci ta Haidarabad a Indiya sun ba yara masu tamowa alkamar da aka haska, suka ce sun ga wani sauyi a ƙwayoyin jininsu. Har yau masu adawa da wannan fasaha suna kafa hujja da binciken. Sai dai yara biyar-biyar ne kawai a kowane rukuni, kuma masanan da suka sake bin lissafin daga baya ba su ga hujjar da ta tsaya ba. Gwaje-gwajen da aka yi a Sin a shekarun 1980 da ɗaruruwan mutane ma ba su nuna wannan sauyi ba. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a labarin shi ne yadda aka yi gwaji da yaran da yunwa ta riga ta kayar. Yau da wuya wani kwamitin ɗa'a ya sa hannu a kan irin wannan.

A Najeriya abin ba baƙo ba ne. Akwai wurin haska kaya da gamma a Sheda, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, mallakar gwamnatin tarayya. NAFDAC tana da ƙa'idojin haska abinci tun 2005, hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya kuma ita ke ba da lasisin mallakar irin wannan ƙarfe da safararsa. Tsarin mulki ya sa harkar nukiliya cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka gwamna ba zai wayi gari ya sayo kobalt kamar yadda yake sayo taki ba. Gana ma tana da nata wurin a Kwabenya, kusa da Akara.

To me zai hana jiha ta yi? Kuɗi da lissafi. Ƙarfin kobalt-60 yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, ko an yi aiki da shi ko an kulle ɗakin. Kenan kullum ana asara, kuma sai an riƙa ƙaro sabo daga waje da dala. Wurin ba ya mayar da kuɗinsa sai kaya suna shiga ba ƙaƙƙautawa duk shekara, alhali albasar Aliero da ta Sakkwato lokaci gare ta, kuma sai an haska ta cikin makonnin farko bayan cira, kafin ta farka ta fara tsiro. Akwai na'urar da ba ta bukatar kobalt, amma ita wutar lantarki take sha mai yawa wadda ba ta yankewa, kin kuwa san halin da muke ciki. Bayan haka, hasken ba ya barin wani kariya a jikin hatsi. Idan aka haska wake aka mai da shi cikin tsohon buhu a sito mai ƙwaro, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Babban abin dubawa shi ne me ke cutar da yaranmu a cikin abinci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Ƙarancin abinci mai gina jiki, gudawa daga gurɓataccen ruwa, da yawan jinya su ne kan gaba. Sai gubar fumfuna da ake kira afulatoksin, wadda ke samuwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Tana lalata hanta, kuma wani bincike a Benin da Togo a 2002 ya gano alaƙa tsakaninta da tsumburewar yaran da aka yaye. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 da suka ci gurɓatacciyar masara. Hasken gamma yana iya kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana nan daram. Kunun gyaɗar da aka dama da irin wannan gyaɗa, haskakkiya ce ko a'a, gubarsa ɗaya.

Haka maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin da ke cikin fiya-fiya. A nan masu goyon bayan haskawa suna da gaskiya: ɗan kasuwar da aka haska masa wake ba ya bukatar yayyafa guba. Amma wanda aka riga aka yayyafa wa, haske ba ya wanke shi. Kuma buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, manomi yana iya ɗaure shi a tsakar gidansa ba tare da ya ɗauki hayar mota zuwa Abuja ba.

Batun ciyarwar makaranta kin fi ni saninsa. Shirin tarayya da aka fara a 2016 da farko ya ware naira 70 ga kowane yaro a rana, masu dafawa kuma a kasuwar garinsu suke awo, su dafa cikin kwana ɗaya ko biyu. A ina haskawa za ta shiga? Amurka ta gwada: a 2003 ta amince makarantu su sayi niƙaƙƙen naman shanu da aka haska, iyaye suka yi ca, hukumar makarantun Los Anjeles ta haramta shi, ga shi ya fi tsada, ƙarshe kaɗan ne suka nuna sha'awa. Su da ke da firji a kowace makaranta kenan.

Inda fasahar ke da riba shi ne kasuwancin waje. Indiya ta gina wurin haska albasa a Lasalgaon, kuma da shi ta samu damar fara kai mangwaro Amurka a 2007. Citta da barkono da zoɓo da sauran kayan yaji da ke fita daga kasuwa irin Dawanau sun dace da wannan, domin ko Tarayyar Turai da ke ɗari-ɗari da haskakken abinci ta amince da shi a kan busassun kayan ƙamshi. Idan jihohi uku ko huɗu za su haɗa kai da 'yan kasuwa su gina guda ɗaya kusa da babbar kasuwa, daga kason noma da ciniki, masu kaya su riƙa biyan kuɗin aiki, ba ni da ja. Abin da ba na so shi ne a rubuta sunan yara a kan aikin don ya samu wucewa a majalisa.

Kuɗin yara kuwa, akwai inda naira ke ninkuwa. UNICEF tana da asusun abincin yara da ke ƙara naira ɗaya a kan kowace naira da jiha ta zuba don sayen abincin masu tamowa. Akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, da ake watsawa a gonar masara da gyaɗa makonni biyu zuwa uku kafin fure don rage gubar fumfuna tun daga tushe. Akwai tamfol na shanya amfanin gona, da rijiyar burtsatse a makaranta, da biyan masu dafa abinci a kan lokaci.

Idan an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, ku je da ƙungiyar iyaye da malamai ku tambaya: daga wane kaso za a ciri kuɗin, tan nawa za a haska a shekara, kuma wa zai sayo sabon kobalt bayan shekara biyar. In kuma kin ga wani kaya a kanti da koren tambari mai zagaye da hoton tsiro a tsakiya, shaidar an haska shi ce. Ki duba ranar lalacewarsa da lambar NAFDAC kamar kowane kaya, ki dafa wa yaranki.