Tambaya da Amsa: Me zan dasa a ɗan filin gida wanda ba sai an yi ta ɗawainiya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai ɗan fili a jikin katangar gidanmu, tsawonsa mita 4, faɗinsa kamar mita 1 da rabi. Rana na dukansa tun hantsi har la'asar, ruwa kuma wajen 'yan garuwa muke saye. Me zan dasa ya ƙawata wurin ba tare da wahala ba? Akwai ƙananan yara a gidan.
Wata uwargida daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Da irin wannan rana da tsadar ruwa, lalle ne zaɓinmu na farko. Yana jure bazara, furensa na da ƙamshi, ga ganyen ƙunshi a hannu. Ki dasa guda huɗu, tazarar santimita 70 tsakaninsu, ki riƙa rage masa kai sau biyu a shekara don ya cika daga ƙasa. In an bar shi ya tsufa ba aski, sai ya zama dogo ƙasansa fayau, rassan kuma su yi tsini. A kusurwa ki sa rumman ɗaya.

Idan fure mai launi kike so, boganbiliya ɗaya ta isa maimakon rumman ɗin, a ɗaure ta da waya ta hau katanga sama da inda hannun yara ke kaiwa, domin tana da ƙaya. Yawan ruwa da taki ke sa ta yi ta ganye ba fure.

Masu sayar da fulawa za su nuna miki duranta, mai ganye ruwan ɗorawa da ake yi wa askin kwano. Kyau kam akwai, amma da damina kusan duk mako biyu zuwa uku sai almakashi ya hau kanta, 'ya'yanta kuma guba ne. Kariya da bini-da-zugu ba sa neman ruwa sosai, sai dai ruwan jikin kariya da ƙwayar bini-da-zugu duk dafi ne, ba na gidan yara ba.

Ki jira damina ta kankama, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami mai zurfin santimita 40 da faɗi haka, nesa da katanga da rabin mita, a tsince ɓaraguzan siminti da magina suka bari. A cuɗa ƙasa kashi uku da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa, takin da bai ruɓe ba kuma gara yake kira. A tsaga ledar da shukar ta zo a ciki da reza ba tare da ƙasar ta warwatse ba, kar kuma a binne gindin ya wuce inda yake a cikin leda, ruɓewa zai yi.

A ranin farko, kowace shuka bokiti ɗaya mai lita 10, sau biyu a mako, da yamma. Yayyafin kullum ba ya ratsa ƙasa, saiwar sai ta tsaya a sama, zafin Afrilu ya gasa ta. Daga shekara ta biyu sau ɗaya a mako ya wadatar. Ruwan alwala na da kyau, amma na wanki mai omo yana tara gishiri a ƙasa. Busasshen ganye da za ki shimfiɗa don riƙe danshi, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin saboda gara.